Aber da Inver: yadda kogunan Sikotlan suka raɗa wa garuruwa suna

Wani ƙanenmu da ya je karatun aikin man fetur a Aberdeen ya aiko mini da tambaya. Ya ce ranar da ya hau jirgin ƙasa daga Edinburgh ya nufi arewa, yana tafe yana karanta allunan tashoshi: Inverkeithing, Aberdour, can gaba Arbroath, har aka sauke shi a Aberdeen, inda aka ce masa wani layin yana bi ta Inverurie ya kai Inverness. Kunnensa bai ji Turanci a cikin waɗannan sunaye ba. Da ya tambayi wani abokin karatunsa ɗan garin, sai ya ce masa ai Aberdeen na nufin inda Kogin Dee ya faɗa teku. Shi ne yake so ya san ko haka ne, kuma wane harshe ne wannan mai yawan Aber da Inver.

To ƙanena, kunnenka bai yaudare ka ba, babu Turanci a cikinsu. Amsar abokinka kuwa rabinta ne daidai. Aber na nufin inda ruwa ya zuba cikin wani ruwa, ko ƙorama cikin kogi, ko kogi cikin teku. Amma kogin da ke cikin sunan Aberdeen Don ne. Garin yana zaune tsakanin koguna biyu, Dee ta kudu, Don ta arewa, kuma a da garuruwa biyu ne, kowanne da hukumarsa, sai a 1891 aka haɗe su. Tsohon garin, inda babbar majami'ar St Machar take da kwalejin da aka kafa a 1495, yana kusa da Don ne, kuma takardun ƙarni na 12 sun rubuta sunan Aberdon. Ka dubi harafin ƙarshe ma: sunan Dee ba shi da n, to daga ina ta fito? Masu jin Galik, wani tsohon harshen Sikotlan, har yau Obar Dheathain suke ce wa garin, Deathan kuwa shi ne Don a bakinsu. Da tashar jiragen ruwa da kasuwa suka bunƙasa a bakin Dee, sai sunan ya bi arziki ya koma can, mutane kuma suka ɗauka tun asali na Dee ne.

Abin da ya sa ruɗanin ya yi sauƙi shi ne sunayen kogunan biyu 'yan gida ɗaya ne. Dee daga Deva yake, ma'anarsa allahiya, Don kuma daga Devona, mai ma'ana kusan ɗaya. Tushensu ɗaya da kalmar Latin deus. Mutanen da suka raɗa waɗannan sunaye kafin zuwan Kiristanci suna ɗaukar kogi abin bauta ne mace, ba su ma wahalar da kansu neman wani suna ba, sun kira ruwan da matsayinsa. Akwai wani Dee a kudu maso yammacin Sikotlan, akwai wani a Wales. Kuma wannan fassara tana da tsohuwar shaida: Adomnán, shugaban masu zuhudu na tsibirin Iona, da yake rubutu wajen shekara ta 700, ya ambaci wani kogi a yankin Lochaber ya ce sunansa da Latin shi ne Nigra Dea, wato baƙar allahiya. Shi ne Kogin Lochy na yau.

Yanzu ga batun Aber da Inver, wanda shi ne zuciyar tambayarka. Kalmomin biyu ma'anarsu ɗaya, kuma gindinsu ɗaya: ber, wato ɗauka ko kaiwa. Aber shi ne kai wa zuwa, Inver shi ne kai wa ciki. Bambancinsu na masu faɗa ne. Harsunan Keltik, wato dangin tsofaffin harsunan da suka riga Turanci a tsibiran Biritaniya da Ailan, reshe biyu suka rabu. Reshe ɗaya ya ƙunshi harshen mutanen Wales, da harshen Biritonawan da suka zauna kudancin Sikotlan, da harshen Piktawa na gabas da arewa. Waɗannan su ne masu aber, shi ya sa in ka je Wales za ka tarar da Aberystwyth da Abergavenny. Ɗaya reshen shi ne na Ailan da Galik, masu cewa inbhir, wanda Turanci ya mayar Inver. Masu Galik sun yi ƙarfi da fari a gaɓar yamma, yankin Argyll, sannan a ƙarni na 9 sarautarsu da ta Piktawa suka zama ɗaya, aka sami daular da ake kira Alba. Daga nan Galik ya riƙa cin ƙasa gabas, har Piktanci ya mutu wajen ƙarni na 11 zuwa na 12, bai bar littafi ko ɗaya ba. Mafi yawan abin da aka sani game da wannan harshe daga sunayen wurare da na sarakuna aka tsinto shi, don haka kowane Aber da ka gani a allon tasha gado ne na mutanen da bakinsu ya ɓace.

In ka shimfiɗa taswira za ka ga Aber ya fi yawa a gabas, daga Fife zuwa Moray, Inver kuma ya mamaye yamma ya kuma shiga gabas ya cakuɗa da shi. A saman Dee, kusa da fadar Balmoral, akwai Abergeldie, can gaba a kwarin kuma ga Invercauld da Inverey. Ruwa ɗaya, kwari ɗaya, harsuna biyu da suka bi juna. Wani lokaci ma ana kama canjin da hannu. Garin Inverbervie, kudu da kai kaɗan, a ƙarshen ƙarni na 13 an rubuta shi Haberberui. Masu Galik sun fahimci abin da aber ke nufi, suka cire shi suka sa nasu, amma sunan kogin, Bervie, ba su taɓa shi ba. Ka riƙe wannan, domin shi ne abin da ya fi maimaituwa a duk faɗin ƙasar: baƙo yana sake kan suna, yana fassara shi, yana lanƙwasa shi ya dace da harshensa, amma sunan ruwan da kansa yakan gaje shi ne daga wanda ya tarar.

Arbroath da ka wuce a jirgi shi ma Aber ne da ya lalace a baki. Cikakken sunansa Aberbrothock, inda ƙoramar Brothock ta faɗa teku, kuma daga gidan ibadar garin ne manyan ƙasar suka aika wa Paparoma wasiƙar nan ta 1320 mai kare 'yancin Sikotlan daga Ingila. Inver kuma a kudu yakan zama Inner, kamar Innerleithen, inda ruwan Leithen ya gamu da Kogin Tweed. Wasu garuruwan kuwa sun yar da kan sunan gaba ɗaya sun tsaya da na kogin kawai: Nairn a da Invernairn ne, Ayr kuma har yau Inbhir Àir ne da Galik. Haka Annan, can kudu kusa da iyakar Ingila, sunan koginsa yake ɗauke da shi, wanda Rumawa suka rubuta Anava. A wannan garin aka haifi Clapperton a 1788, Baturen da ya zo Kano da Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya dawo karo na biyu ya rasu kusa da Sakkwato a 1827.

Kafin in ci gaba, bari in ja maka kunne kan kuskuren da ya fi kama mutane, har da masu rubuta littattafan 'yan yawon buɗe ido: fassara suna daga yadda ake rubuta shi yau. Kama da wane ba ta wane. A gaɓar yamma akwai wani wuri Applecross, wanda duk mai jin Turanci zai rantse tuffa ce da gicciye. Babu tuffa, babu gicciye. Tsofaffin littattafan tarihi na Ailan sun ce a shekara ta 673 wani mai zuhudu, Máel Ruba, ya kafa gidan ibada a Apor Crosan, wato aber na ƙoramar Crosan. Wannan suna ɗaya ya nuna cewa masu cewa aber sun taɓa zama har can yamma, inda daga baya babu abin da ake ji sai Galik. Haka koguna biyu da ruwansu ke ƙarewa cikin Tweed, Blackadder da Whiteadder. Adder a Turanci maciji ne mai dafi, kuma mutane sun daɗe suna ɗauka don lanƙwasar ruwan aka sa musu sunan. Amma sunan ya girmi Turanci a wannan ƙasa, baƙi da fari ne kawai aka ƙara daga baya don a bambanta su. Ka'idar masu wannan ilimi ɗaya ce: a nemo rubutun da ya fi tsufa, a jera sauran bisa shekarunsu, a saurari yadda tsofaffin wurin ke furtawa, sannan a je a ga wurin da ido. William Watson, wanda ya tashi da Galik a bakinsa kuma aikinsa na 1926 har yau shi ne madogara, haka ya yi, yana bin ƙauyuka yana sauraron manoma da masunta.

Rubutu mafi tsufa da ake da shi mai yawan sunaye daga Masar ya fito. Ptolemy, wanda littattafan Larabci ke kira Baɗlimus, yana zaune a Iskandariyya wajen shekara ta 150 ya jera gaɓoɓin tsibirin bisa rahoton sojoji da matuƙan jiragen Rum. A jerinsa akwai Clota, akwai Deva, akwai Nabaros, akwai Ila, akwai Varar. Clota shi ne Kogin Clyde, Deva shi ne Dee, Nabaros shi ne Naver. Shekara kusan dubu ɗaya da ɗari tara ke nan, harsuna huɗu ko biyar sun shigo, wasunsu sun mutu, amma mai kamun kifi a bakin Naver yau yana faɗar kusan kalmar da aka faɗa wa Barume. Wasu sunayen ma ba sa fassaruwa da kyau da harsunan Keltik. Wilhelm Nicolaisen, Bajamushen da ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a garin da kake, ya kawo hujjar cewa irin su Ayr, Naver, Farrar da Adder sun fito ne daga wani tsohon harshe na dangin Indiya da Turai da ya riga Keltik zuwa, domin ana samun takwarorinsu a kogunan nahiyar Turai. Masana suna jayayya kan wasu daga cikin misalansa, amma babu mai musun cewa sunayen manyan koguna su ne mafi tsufa a ƙasar.

Labarin Varar ya fi burge ni a cikinsu duka. A wajen Ptolemy sunan mashigin teku ne, yamma da inda Inverness take yau. Wajen 1230 wasu masu zuhudu na wata ɗariƙa daga Faransa suka gina gidan ibada kusa da bakin kogin, suka kira wurin beau lieu, kyakkyawan wuri da Faransanci. Daga nan aka sami Beauly, kuma sannu a hankali sunan ya haɗiye garin, da ƙasan kogin, da mashigin tekun. Za ka ji ana ba da labari wai Sarauniya Mary ta Sikotlan ce ta ga wurin a 1564 ta yaba kyansa da Faransanci. Labari ne mai daɗin ji, sai dai sunan ya girme ta da shekara fiye da ɗari uku. Tsohon sunan kuwa bai mutu ba, an tura shi sama ne cikin duwatsu: ɗaya daga cikin koguna biyu da suka haɗu suka yi Beauly har yau Farrar ake ce masa. Wannan yana cikin wurare kaɗan da gari ya ba kogi suna, maimakon kogi ya ba gari.

Clyde zan taƙaita shi. Watson ya fassara Clota da mai wankewa, wata allahiyar ke nan. Dutsen da ke tsaye a bakinsa Biritonawa suna ce masa Alt Clut, dutsen Clyde, kuma shi ne babban birninsu har 870, lokacin da mayaƙan Baikin, wato maharan teku 'yan asalin arewacin Turai, da suka taso daga Dublin, suka yi masa ƙawanya wata huɗu suka ci shi. Maƙwabtansu masu Galik suna kiran wurin Dùn Breatann, ganuwar Biritonawa, kuma sunan maƙwabtan ne ya rayu ya zama Dumbarton. Glasgow a harshen Biritonawa koren kwari ne, Lanark kuma fili a tsakiyar daji.

A Tweed ne za ka fara jin Turanci na gaske, kuma kana iya bin sa kamar sawu. Can sama akwai Peebles, daga kalmar Biritonawa mai nufin bukkoki ko tantuna, inda makiyaya ke zama da rani. Ƙasa kaɗan ga Melrose, wato tsiri mai sanƙo. In ka je Melrose ta yau ba za ka ga wani tsiri ba, domin sunan ƙaura ya yi. Asalinsa na wani wuri ne kimanin kilomita 4 gabas, inda kogin ya yi lanƙwasa ya kusa kewaye wani tudu, aka gina gidan ibada a kai a ƙarni na 7. Da Sarki David na Ɗaya ya kafa sabon gida a 1136, sai aka ɗauko sunan aka kawo. Da ka gangara kusa da teku kuwa sai harshe ya sauya, domin Angilawan daular Northumbria sun mamaye nan tun ƙarni na 7. Berwick gonar sha'ir ce da tsohon Turanci, ƙetarenta kuma Tweedmouth. Wannan mouth shi ne aber da inver na Bature, kuma shi ne ƙaraminsu a shekaru a yawancin wurare. Grangemouth, alal misali, sai bayan da aka fara haƙa mashigin jiragen ruwa tsakanin Forth da Clyde a 1768 garin ya samu.

Arewa mai nisa kuma labarin mutanen Norwe ne, waɗanda suka fara zama tun ƙarni na 9. Sunan lardin Sutherland ma ya isa shaida: ƙasar kudu ake nufi, alhali yana can ƙurewar arewa, domin masu raɗa sunan daga tsibiran Orkney suke hangensa. Kogi a harshensu á ne, shi ya sa Brora ke nufin kogin gada, Laxay a tsibirin Lewis kuma kogin kifin samon. A nan za ka ga gari ɗaya da suna biyu da ba su da alaƙa. Dingwall a harshen Norwe filin taron shari'a ne, kalma ɗaya da Thingvellir na Aisland. Masu Galik ba su taɓa karɓar wannan suna ba, Inbhir Pheofharain suke cewa, inda ruwan Peffery ya zuba, Peffery ɗin kuma kalmar Piktawa ce mai nufin mai haske. Harsuna uku ke nan a allon hanya ɗaya. Helmsdale ma haka: kwarin wani mutum Hjalmund ne a bakin 'yan Norwe, amma da Galik Bun Ilidh ne, gindin Kogin Ilidh, wanda shi ne Ila na Ptolemy.

Akwai abin da ba zan iya wucewa ban faɗa ba, domin yana ci mini rai duk lokacin da na duba taswirar wannan yanki. Manyan sunaye sun rayu, amma ƙanana da yawa sun tafi, kuma ba tsufa ne ya kashe su ba. A kwarin Naver, a 1814 da 1819, masu mallakar ƙasa suka tashi ƙauyuka ɗungurungum don a sa tumaki, aka kori mutane zuwa gaɓar teku, wasu suka haye Kanada. Haka aka yi a kwarin Helmsdale. Waɗannan mutane kowane gurbi mai zurfi da ake kama kifi, kowane mashigi da ake ƙetarewa da shanu, kowane dutse a tsakiyar ruwa, suna da sunan da suke kiransa. Irin wannan suna ba ya cikin takardar sarki, a bakin mai amfani da shi yake zaune. Da 'yan safiyon gwamnati suka zo bayan shekaru da dama suna tambayar sunaye don taswira, a wurare da yawa makiyayi baƙo suka tarar. Ƙauyen Rosal, wanda sunansa daga kalmar Norwe ta doki yake, yau kufai ne a tsakiyar itatuwan da aka dasa. A ƙidayar 2011 masu iya magana da Galik ba su kai dubu 60 ba. Dokar 2005 ta ba harshen matsayi, shi ya sa kake ganin suna biyu a allunan tashoshi, kuma ina ganin wannan aiki ne mai kyau ƙwarai, ko da ba zai dawo da abin da ya salwanta ba.

Ga wata dabara da za ta yi maka amfani tun kafin ka buɗe littafi: ka saurari inda 'yan ƙasa ke danna murya. Sunan Keltik yakan sa babbar kalma gaba, mai bayani a baya, kamar yadda muke cewa bakin kogi, kuma a kan ta bayan ake dannawa. Shi ya sa ake jan ƙarshen Aberdeen da Inverness, da tsakiyar Dumbarton. Sunan Turanci ko na Norwe kuwa mai bayani ne ke gaba, sai a danna farko, kamar Berwick da Helmsdale. Ba kullum take ci ba, amma tana ci fiye da yadda take faɗuwa. Sauran kalmomin da za ka yi ta gamuwa da su kaɗan ne: strath kwari ne mai faɗi da fadama, glen kwari mai ƙunci, allt da burn ƙorama, kin kan ruwa ko ƙarshensa, comar mahaɗa, kamar a Cumbernauld, mahaɗar ƙoramu. Avon kuwa, irin wanda ke zuba cikin Clyde kusa da Hamilton, kogi kawai yake nufi. Baƙo ya tambayi sunan ruwan, aka ce masa kogi ne, shi kuma ya riƙe.

Tunda kana garin, ka samu wata Asabar da rana ta fito ka ja abokin nan naka. Ku tashi daga tsohuwar kwalejin, ku bi ta gaban St Machar, ku gangara lambun Seaton har ku iske Don. In kun bi gaɓarsa za ku kai tsohuwar gadar dutse mai baka ɗaya ta Balgownie, gaba kaɗan kuma ga rairayi inda ruwan ke shiga Tekun Arewa. Nan ne aber ɗin da ke cikin sunan, kuma daga nan tashar jiragen Dee tana can kudu, tafiyar kusan kilomita 4 a bakin teku.